Sunan Baba a Takardar Neman Aiki

Wai labarin wahalar mutum na waye? Na wanda ya sha ta a jikinsa, ko na wanda ya tsaya a gefe yana kallo har ya iya rubuta ta? Kwanaki ke nan ina juya wannan tambaya, a bakin murhu, a cikin a-daidaita-sahu, har a kan sallaya, Allah Ya yafe mini, ban samu amsa ba. Idan a cikinku akwai mai ita, wurin sharhi na nan a ƙasa. Amma don Allah kada wadda ta rubuto mini "ki yi haƙuri". Na ƙoshi da shi.

Ga waɗanda yau suka fara bin labarina: sunana Mubina. A Sharaɗa muke, gidan haya mai ɗaki shida a bayan kamfanin roba, inda in kin shanya farin mayafi da safe, da la'asar ruwan toka za ki ɗauko. Bara na gama digirin shari'a, ina jiran a kira rukuninmu makarantar lauyoyi, jiran kuwa yakan cinye shekara. A wannan tsakanin ne ake shiga ofishin wani lauya a koyi aiki, ɗaukar fayil, bin oga kotu, rubuta wasiƙa. 'Yan ajinmu da iyayensu ke da lambar barista a waya, tun kafin sakamako ya fito suka samu kujera. Wayar Baba kuwa lambobin da ke cikinta su ne ta foman, ta limamin unguwa, sai ta mai gyaran keke.

Don haka da ƙafata na nema. Ofis goma sha ɗaya na kai takarda. Na haddace fuskar masu gadi, na haddace yadda sakatariya ke nuna tire da haɓa ba tare da ta ɗago daga wayarta ba. "Ajiye nan, za a kira ki." Ba wanda ya kira.

Sai wani ofis a Bompai, ba zan faɗi sunansa ba, bene ne mai baƙin gilashi a tsakanin rumbunan ajiyar kaya. Su sun ce duk mai nema ya haɗo da rubutun kansa, shafi biyar, a kan kowace matsalar shari'a. Ƙawayena suka shiga intanet suka kwaso. Ni na ce a'a, ai matsalar shari'a a ɗakinmu take kwana.

Babana, Malam Shu'aibu, shekararsa goma sha tara a wani kamfanin fata a Challawa, a sashen da ake jiƙa fatu a ruwan magani. In kun ga tafin hannunsa sai ku ce bayan kaskon tuya ne. Amma a takardar kamfani Baba bai taɓa yin wata huɗu a jere ba. Duk bayan wata uku sai a soke sunansa, ya zauna gida mako guda, sannan ya koma bakin ƙofa a sake rubuta shi a matsayin sabon lebura. Haka ake yi wa ɗaruruwansu don kada wani ya zama ma'aikacin dindindin. Baba ya zama sabon ma'aikaci sau saba'in da ɗoriya, furfura tana fito masa.

Wannan na rubuta. Kuma ban ɓoye komai ba. Na sa sunan kamfanin. Na sa cikakken sunan Baba. Na sa na maƙwabcinmu Baba Emma, wato Emmanuel, mutumin kudancin Kaduna da ɗakinsu ke kallon namu, wanda shi shekararsa goma sha shida a sashen. Na jera ranakun da ake soke suna da ranakun da ake mayarwa.

Na san abin da za ku ce: ke ba ki da hankali ne? To ku saurara. A aji an koya mana abu biyu har suka zauna mini a ƙashi. Na ɗaya, lauya ba ya magana a iska, sai da suna da rana da wuri. Na biyu, abin da ya shiga ofishin lauya amana ne, ba ya fita. Abin da ba wanda ya ja mini layi a ƙarƙashinsa shi ne, wannan amanar ta wanda ya ɗauki lauyan ce. Mai neman aiki ba shi da kaso a ciki.

Kwana huɗu aka kira ni. Ranar na sa baƙar abayata mai ƙananan duwatsu a hannu, na ari farin mayafin ƙanwar Umma, na goge takalmina da man kaɗanya. Umma ta tofa mini addu'a a tafin hannu, tana kawar da kai, don ni ce 'yar fari, ba ta ko kama sunana.

Wadda ta gan ni Barista Aina'u ce, doguwa, mai farin tabarau, ƙamshinta ya riga muryarta isowa. Sanyin ofishin har cikin haƙorina. Rubutuna na gabanta, ta ja masa layuka da jan biro.

"Wa ya taya ki wannan?"

"Ni kaɗai na yi, ranki ya daɗe."

"Kai, madalla. Rabon da in karanta irinsa daga ɗalibi na manta." Ta juya shafi. "Sunayen nan na gaske ne, ko misali kika yi?"

'Yan'uwa, da kun ga yadda na gyara zama. "Na gaske ne. Na farkon ma mahaifina ne."

"Allah sarki," in ji ta. Ta rubuta wani abu a gefe. "Za ki ji daga gare mu."

Har na sayo wa Umma lemo a hanya.

Makon nan ya zo daidai da makon zaman gida na su Baba. Ranar Litinin suka shirya, shi da Baba Emma, kowa da kular abincinsa a ɗaure a bayan keke, suka tafi a sake rubuta su. Ƙarfe tara sai ga su sun dawo. Baba ya jingine keke, ya miƙa wa Umma kular ko buɗe ta bai yi ba, ya ce wataƙila gobe. Talata haka. Laraba haka. An ɗauki kowa, har yaran da suka zo daga Jigawa watan jiya, ban da su biyun.

Laraba da azahar saƙo ya shigo wayata.

"Barista kina gida?"

"Ina nan. Lafiya?"

"Akwai magana."

"Faɗi mana."

"Ba ta waya ba ce. Ina zuwa bayan la'asar."

Uwaisu ke nan, shi ke kirana Barista tun ban zama ba. Shekara biyu yana zuwa wurina, manyansa ma sun zo gaisuwa bayan ƙaramar salla. Akawu ne a ofishin ma'aikata na kamfanin su Baba. In fito muku fili, hannunsa ne ke soke sunan Baba duk wata uku, hannunsa ne kuma ke mayarwa. Mun sha faɗa a kan haka, ya ce shi biro ne kawai. Ranakun da na jera a rubutuna ma daga bakinsa na tsince su, a hirar zance, yana ba ni labarin aiki ina dariya.

Ya zo cikin shaddarsa ruwan ƙasa, hula a karkace, ba ledar tsire ba ta yogot kamar yadda ya saba. Ko sauka daga babur bai yi ba sai da na ce masa zaure ba ya cizo.

"Mubina, me kika rubuta wa lauyoyin kamfaninmu?"

"Lauyoyin wa?"

"Ofishin Bompai. Su ne lauyoyinmu tun kafin in fara aiki. Su ma suka tsara fom ɗin da nake cikewa."

"Sai aka yi yaya?" na ce.

"Manaja ya kira ni," in ji shi, "ya ajiye mini shafi biyar a tebur, da jan biro a jiki. Ya ce, Uwaisu, wannan ba ita ce yarinyar da aka ce kana nema ba? Wa ya ba ta ranakun nan?"

"Ka ce masa me?"

"Na ce ban sani ba."

"Ashe ka iya."

"Ki yi mini ba'a, na ji. Amma ga mafita." Ya zaro ambulan daga aljihu. "Barista ce ta tsara. Layi shida ne. Ki sa hannu, ranar Litinin su Baba su koma aiki, ke kuma ki fara zuwa ofishinsu. Ta ce wallahi tana son ki, ta ce kina da kai."

Na buɗe na karanta a tsaye. Wai ni, Mubina Shu'aibu, na tabbatar cewa abin da na rubuta ƙirƙira ce don gwajin neman aiki, ba shi da tushe, sunayen da na ambata na sa su ne ba bisa gaskiya ba, kuma ina neman afuwar kamfani.

"Malam Uwaisu," na ce, shi ma ya san in na sa masa Malam to ba lafiya, "ka san me wannan takardar take nufi? Kafin a kira mutum lauya sai an shaide shi mai gaskiya ne. Wannan za ta kwanta a durowarsu har in mutu. Duk ranar da na ɗaga kai a gaban alƙali a kan maganar wani lebura, sai su ɗaga ta: ga wadda ta rubuta da hannunta cewa maƙaryaciya ce."

"Wa zai tono wannan? Takarda ce kawai."

"Kai biro ne kawai, ita takarda ce kawai. To mutum fa, ina yake a kamfanin naku?"

"Mutum yana cikin gidan nan zaune a tabarma kwana uku!" Ya ɗaga murya, abin da bai taɓa yi mini ba. Sai ya sassauta. "Ranar Juma'a nake rufe rajista. In na rufe, sai bayan wata uku, kuma kin san ba za a mayar da su ba."

"Ba zan sa ba. Ko hannuna za a yanke."

Ya bar ambulan ɗin a kan dakali ya tafi. Ko waigowa bai yi ba.

Kafin in shiga ciki Umma ta gama ji, ai zauren gidan haya ba shi da sirri. Tana tankaɗe a tsakar gida, ba ta ɗago ba.

"Ke 'yar nan, karatun da aka yi ta fama a kai ke nan? Ki ɗauki sunan ubanki ki kai wa masu kamfani?"

"Umma, gaskiya fa na rubuta."

"Da can mu ba mu san gaskiyar ba ne sai da kika je jami'a? Shekara goma sha tara muna kwana da ita muna tashi da ita, wa ya ji bakinmu? Ɗauki abin rubutu ki sa musu hannu, kafin yaron nan ma ya rasa nasa aikin, manyansa su ce mun zame musu masifa."

"Su ce mana."

Rariya ta ajiye. "Maimaita."

Ban maimaita ba. Na shige ɗaki na kira Barista Aina'u. Sau uku tana katsewa, a na huɗu ta ɗauka.

"Ranki ya daɗe, rubutun da na ba ku don neman aiki na ba ku. Da izinin wa kuka kai shi kamfani?"

"Mubina," ta ce, muryarta a kwance kamar mai karanta labarai, "ke kika kawo wa ofishina zargi a kan wanda nake karewa, da suna da rana. In na ɓoye masa, na ci amanarsa. Wannan shi ne darasinki na farko, kuma kyauta na ba ki."

"Mutum biyu sun rasa abincinsu."

"Shi ya sa na tsaya na tsara miki hanyar da za su koma. Wani ofishin ko kiran ki ba zai yi ba."

Abin da ya fi ƙona mini rai, na kwana biyu ina neman inda ta karya doka, ban samu ba. Komai nata a kan layi yake. Ta yanka mu ne da wuƙar da aka wanke.

Alhamis da hantsi ina wanki, Maman Nasara, wato Kande matar Baba Emma, ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna kusa da ni. Matar nan ita ta goya ni ranar da aka kwantar da Umma a asibiti, duk Kirsimeti kuma kwanonmu ne na farko da take zubawa shinkafa. Na shirya jin faɗa. Sai kawai ta ɗauki rigar Baba ta fara taya ni cuɗawa.

"Mubina, an ce kin sa sunan Baban Nasara a takardar Turanci."

"Na sa, Mama."

"Ya ce in tambaye ki, me kika ce a kansa?"

"Na ce shekararsa goma sha shida yana aiki, ba a taɓa ba shi takardar ɗauka ba. Na ce tarin da yake yi daga sashen ne."

Ta gyaɗa kai. "To ai ba ki yi ƙarya ba." Ta matse rigar, ta yarfe. "Sai dai da kin leƙo kin faɗa mana. Taku huɗu ne tsakanin ƙofarku da tamu."

Ta shanya rigar ta koma ɗaki. Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Shi kuwa Baba, tun da abin ya faru bai ce mini uffan ba. In na gaishe shi ya amsa, in na kai masa ruwa ya karɓa. Kullum da sassafe ya ɗaure kula a keke ya tafi, ƙarfe tara ya dawo.

Juma'a, su Baba na fita na shirya. Na zura hijabi a kan atamfar gida, na jefa ambulan a jaka, na tari a-daidaita-sahu zuwa Challawa. Niyyata in miƙa wa Uwaisu takardarsa a gaban jama'a yadda ya ba ni ita, ba sa hannuna, ya kai wa manajansa.

Ban taɓa zuwa ƙofar kamfanin da safe ba. Na rubuta shafi biyar a kanta ban taɓa ganinta ba. Wari ne ya fara tarbata, irin wanda ke mannewa a maƙogwaro. Maza sun fi ɗari a tsaye a jikin katanga, tireloli na wucewa suna watsa musu ruwan kwata, ba mai matsawa don kada ya rasa wurinsa. Foman ya hau kan bulo da takarda a hannu yana kiran 'yan cike gurbi. Duk wanda aka kira sai ya ce "Na'am!" da ƙarfi kamar ɗan firamare, ya ruga ciki. Na hango Baba a layin gaba, ya cire hula ya riƙe a hannu. Kusa da shi Baba Emma, yana danne tari da gefen riga don kada foman ya ji.

Aka gama kira. Aka ja ƙofa.

Uwaisu ya fito ta ƙaramar ƙofa da rajista a hammata. Da ya gan ni sai ya nufo ni da sauri, Baba ma ya juyo ya gan mu. Ya mayar da hularsa, ya tako a hankali, Baba Emma na biye da shi.

"Me ya kawo ki nan?"

"Takardarsu na kawo musu, Baba."

"Ita ce wadda uwarki ke ta magana a kai? Karanta mini. Da Hausa."

Na karanta. Da na zo wurin "ba shi da tushe" sai ya ɗaga hannu.

"Wato ban yi shekarun ba."

"Haka take nufi."

Ya juya tafin hannunsa yana kallo kamar yau ya fara ganinsa. "Ban ji daɗin abin da kika yi ba, Mubina. Kin ɗauki sirrina kin kai kasuwa ba ki shawarce ni ba. Amma tunda aka haife ni ba a taɓa rubuta shekaruna a jere a takarda ɗaya ba sai a taki. Yanzu kuma ke ɗin za ki soke? Shi wannan," ya nuna Uwaisu da haɓa, "aikinsa ne, ya saba. Ke ban yarda ba. Kada ki sa hannu. Umarni ne."

'Yan'uwa, abin da nake jira ke nan tun ranar Laraba. Mutum ɗaya ya ce ina da gaskiya, kuma ga shi wanda ya fi kowa haƙƙi ne ya faɗa. Har ƙirjina ya buɗe.

Uwaisu ya duba agogo. "Baba, ƙarfe takwas zan miƙa rajista."

"Miƙa."

Sai Baba Emma ya yi gyaran murya. Ya yi mini murmushi, irin wanda yake mini tun ina yarinya in ya dawo da rake.

"Ki bi maganar babanki, 'yata. Kada ki damu da ni. An ce kamfanin taliya na ɗauka a Sharaɗa, zan gwada can."

Duk mu ukun mun san kamfanin taliya ba ya ɗaukar mai furfura, balle mai tari. Shi ma ya sani. Ya sunkuya yana gyara igiyar kularsa, wadda ba abin da ya same ta.

Baba yana da ikon ya ce a bar nasa sunan a inda na rubuta shi. Na Baba Emma fa? Shi bai ba ni ba, bai ba Baba ba.

"Uwaisu," na ce, "ba ni biro."

"Mubina!" in ji Baba.

Ban kalle shi ba, don na san in na kalle shi ba zan iya ba. Tunda nake ban taɓa tsallake maganarsa ba. Na shimfiɗa takardar a kan sirdin kekensa, na danne gefenta da yatsa saboda iskar tireloli, na rubuta sunana cikakke, har da nasa, Shu'aibu, a ƙarshe.